Daga Ina Hawan Jinin Samari Yake Tasowa?

Likitoci sun daɗe da sanin abin da ke faruwa a jikin dattijo mai hawan jini: ƙananan hanyoyin jininsa sun tsuke, zuciya sai ta yi da ƙarfi kafin jinin ya wuce. Amma ga saurayi ɗan shekara 25, yau awonsa ya haura 140/90, gobe ya sauko. A wasu irinsa, da aka bincika, ba a ga wannan tsukewar ba. To, me ke ɗaga jinin?

Abu biyu ke haɗuwa su ba da awon jini: yawan jinin da zuciya ke turawa, da faɗin hanyar da zai bi. Tunda hanya ba ta nuna laifi ba, masu bincike suka juya kan zuciya. Idan mutum na hutawa, zuciyarsa kan tura kimanin lita 5 a minti ɗaya. Ta waɗannan samari tana tura fiye da haka, bugunta ma da sauri, alhali suna kwance.

Zuciyar ce ta lalace, ko ingiza ta ake yi? A 1971 Stevo Julius da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka buga sakamakon gwajinsu. Jijiyoyin saƙo iri biyu ke juya zuciya, ɗaya totur, ɗaya birki. Suka ba samarin da wasu masu lafiya propranolol, maganin da ke toshe totur ɗin. Bambancinsu da masu lafiya ya ragu, amma bai gushe ba. Da suka ƙara atropine, suka katse birkin kowa, sai aikin zukatan ya zo daidai. Ashe zuciyar lafiyarta ƙalau, saƙon ƙwaƙwalwa ne ke taka totur yana sakin birki.

Saura tambaya ɗaya: ta yaya saurayin ke komawa irin dattijon? Per Lund-Johansen na birnin Bergen a Norway ya bi wasu maza masu hawan jini har shekara 20. Jinin da zuciya ke turawa ya ragu, tsukewar hanyoyi ta ƙaru. Björn Folkow na Suwidin ya nuna dalili: matsin da ya daɗe yana kaurara bangon hanyoyin, ƙofarsu ta ƙuntata.

Don haka saurayi, kada ka ce ai jinin naka hawa yake yana sauka. Ka riƙa awo a kai a kai, ka rage gishiri da dunƙulen miya, ka motsa jiki, ka ga likita tun hanyoyin ba su yi kauri ba.