Steel Pulse: 'Ya'yan Handsworth da Suka Ƙi Yin Shiru

Da an ambaci kiɗan rege, hankalin mutane Jamaika yake tafiya. Amma ƙungiyar Steel Pulse, wadda nake sakawa a sahun gaba na masu wannan kiɗa, a Ingila aka haife ta, a unguwar Handsworth ta birnin Birmingham.

Bayan yaƙin duniya na biyu, Birtaniya ta buƙaci ma'aikata, mutanen tsibiran Karibiyan suka yi ta tururuwa zuwa masana'antu da asibitoci. 'Ya'yansu a can suka tashi, a can suka yi makaranta, amma kallon baƙi ake yi musu. 'Yan sanda na tare su a titi babu gaira babu dalili, aiki kuma ya yi musu wuya. Cikin waɗannan samari ne David Hinds da Basil Gabbidon da Ronald McQueen suka kafa ƙungiyar a 1975.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihinsu shi ne, tsangwamar farko daga gida ta fito. Wasu gidajen rawa na 'yan Karibiyan sun hana su wasa saboda aƙidarsu ta Rasta. Sai suka sami karɓuwa wajen matasan Turawa masu kiɗan pank. A Afrilun 1978 sun hau dandali ɗaya da ƙungiyar pank ta The Clash a Victoria Park da ke Landan, a gangamin Rock Against Racism na yaƙi da wariyar launin fata.

A shekarar ne kamfanin Island ya fitar da faifansu na farko, Handsworth Revolution. Idan za su rera waƙar "Ku Klux Klan", sai mawaƙansu su rufe kai da fararen huluna masu tsini, irin na ƙungiyar nan ta Amurka da ta yi ƙaurin suna wajen kashe baƙar fata. Ka ga baƙin saurayi sanye da kayan maƙiyinsa, yana tona masa asiri a bainar jama'a. Wannan ba ƙaramar jarumta ba ce. Duk a 1978 ɗin suka raka Bob Marley rangadin Turai, su ke buɗe masa fage.

Ɗaukaka ta biyo baya. A 1987 faifansu Babylon the Bandit ya ci kyautar Grammy ta rege, karon farko da ta fita daga hannun 'yan Jamaika. A 1993 sun yi wasa a shagulgulan rantsar da shugaban Amurka Bill Clinton. Duk da haka bakinsu bai mutu ba, har ƙarar hukumar tasi ta New York suka shigar saboda direbobin da ke ƙin ɗaukar baƙar fata.

David Hinds ne ke jan ragamar har yanzu. A faifansu na 2019, Mass Manipulation, maganar dai ita ce zaluncin 'yan sanda da fataucin mutane. Shi ya sa nake girmama su. Suna ya sa mawaƙa da yawa sun sassauta harshe, su kuwa sun haura shekara arba'in suna tsaye a gefen wanda aka zalunta.