Katifar Rimi da Silin Asbestos

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kwana a kan katifar rimi ya san halinta. Muddin ɗinkinta yana nan daram, sai a shekara goma ana birgima a kanta ba a ga abin da ke cikinta ba. Ran da ɓera ya huda ta kuwa, ko yara suka yi ta tsalle har ta yage, ɗakin ya shiga uku. Auduga ta tashi ta maƙale a labule, ta hau gashin kai, ta faɗa randa. Mai gaggawa ya rarumo tsintsiya, sai ya ƙara tayar da ita. Tsofaffin mata ne suka san kan abin: a rufe ƙofa don iska, a yayyafa ruwa, a tattara a hankali, sannan a duba ko katifar za ta ɗinku ko kuwa ta gama yayi.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin maganar asbestos. Ma'adini ne da ake haƙowa, amma idan aka fasa dutsensa zare-zare yake warwarewa. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, gara ba ta taɓa shi, ga arha. Shi ya sa a ƙarnin da ya wuce aka riƙa kwaɓa shi da siminti ana yin kwanon rufi da allon silin da bututun ruwa, aka sa shi a tayil ɗin roba na daɓe, aka naɗe bututun tururi da shi a masana'antu. Iri uku ne suka fi shiga gini: fari, da ruwan ƙasa, da shuɗi. Farin ya fi yawa, shuɗin ya fi mugunta, amma babu na ƙwarai a cikinsu. A Najeriya an yi masana'antun kwano da silin irin wannan a Legas da Enugu da Kano da Bauchi, kuma har yau kayan suna nan a saman tsofaffin azuzuwa, da ɗakunan asibiti, da gidajen ma'aikata.

Sai dai akwai inda katifar ta fi shi kirki. Audugar rimi ana ganinta, tana sa atishawa, mutum ya fice daga ɗakin. Zaren asbestos ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, ba ya ƙaiƙayi, kuma yakan yi awoyi yana shawagi a ɗaki bayan an gama aiki. Idan aka shaƙe shi, yakan nutsa can cikin huhu ya kafe, jiki ya kasa narkar da shi. Wani sai huhunsa ya yi ta tabo har ya ƙandare, numfashi ya gagara. Wani ya kamu da kansar huhu, musamman idan yana shan taba, domin su biyun in suka haɗu haɗarin ninkuwa yake yi. Akwai kuma mesoteliyoma, kansar tantanin da ya lulluɓe huhu ko ciki, wadda kusan duk inda aka same ta asbestos ne sila, kuma ba kasafai ake tashi daga ita ba. Abin da ya fi ban tsoro shi ne jinkirin. Shekara 20, 30, har 50 na iya wucewa kafin a fara tari. Yaron kafinta da ya yanka silin da zarto yana ɗan shekara 18, sai ya yi jikoki sannan ciwon ya sallama, a lokacin kuwa abu ne mai sauƙi a ɗauka tarin fuka ne.

Mu da muka saba da hazo da ƙurar hunturu mukan ce ƙura ai ba baƙuwa ba ce, a sha madara ta wanke. Madara ciki take shiga, ba ta bi ta huhu.

Turawa ma ba da wuri suka farga ba, ko kuma in ce masu kamfanonin ba su so a farga ba. A 1924 wata ma'aikaciyar masaƙar asbestos a garin Rochdale na Ingila, Nellie Kershaw, ta rasu tana da shekara 33, likita ya buɗe huhunta ya rubuta abin da ya gani. A 1960 likita J. C. Wagner da abokan aikinsa suka bayyana mutum 33 masu mesoteliyoma a Afirka ta Kudu, kusan dukkansu suna da alaƙa da yankin da ake haƙar shuɗin asbestos, wasu ma ba su taɓa shiga rami ba, zama kawai suka yi a kusa. Daga baya aka ga ciwon a jikin matan da aikinsu kakkaɓe kayan aikin miji ne da wanke su. Duk da haka sai a 1985 Birtaniya ta haramta shuɗi da ruwan ƙasa, farin kuma sai 1999. Tarayyar Turai ta rufe ƙofar gaba ɗaya a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada a 2018. Har yanzu kimanin mutum 5,000 ke mutuwa duk shekara a Birtaniya sanadin ƙurar da suka shaƙa tun da daɗewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu mutuwa a duniya saboda shaƙarsa a wurin aiki sun haura 200,000 a shekara. Rasha da Kazakistan na ci gaba da haƙa suna sayarwa.

A ƙasashen da suka kafa doka, akwai masu binciken gini da wannan ce sana'arsu. Rahotonsu yana da kalmomi masu nauyi, amma tambayar tsofaffin matan nan ce suke yi: katifar a ɗinke take ko a yage? Abu na farko da suke rarrabewa shi ne mai marmashewa da ɗaurarre. Mai marmashewa shi ne wanda in ya bushe za ka iya murje shi da yatsu ya zama gari, kamar naɗin bututun tururi ko wanda aka fesa a rufi don kare gobara. Wannan katifa ce da ba ta da riga ko kaɗan. Ɗaurarre kuwa siminti ko roba ta riƙe zaren, kamar kwano da yawancin silin da muke da su. Shi ma ba amintacce ba ne har abada: tsufa, da yoyon ruwa, da injin huda bango, da dutsen gurza, duk suna mai da shi mai marmashewa.

Ido ba ya yanke hukunci. Mai bincike yakan jiƙa wuri ya ɓanɓari ɗan guntu, ya ƙulle a leda, a kai ɗakin gwaji a duba da madubin ƙara girma. A Amurka, abin da asbestos ɗin cikinsa ya wuce kashi 1 cikin 100 shi ake kira kaya mai ɗauke da asbestos. Inda ba a samu damar gwaji ba sai a rubuta "wanda ake zato", a kuma bi da shi kamar an tabbatar. Wannan kalma ta fi burge ni a duk rahoton, domin ita ce talaka zai iya aiki da ita ba tare da ya biya ko sisi ba. Binciken ma iri biyu ne: na kulawa, wanda ake yi ana zaune a ginin don a san inda kayan suke da halin da suke ciki, da na kafin gyara ko rushewa, wanda ake fasa bango a leƙa ko'ina bayan an fitar da mutane.

Daga nan sai shawara. A bar shi a riƙa dubawa, ko a shafe shi da wani fenti mai kauri da ke danne zaren, wato a yi wa katifar sabuwar riga, ko a killace shi da wani allo, ko a cire. Mutane kan zaci cirewa ta fi, amma sau da yawa ita ce mafi haɗari. Mai gidan da ya ji labari ya firgita, ya kira yara majiya ƙarfi su farfasa silin da guduma a wuni ɗaya, ya zuba wa iyalinsa ƙurar da silin ɗin ba zai saki ba ko da ya ƙara shekara 30 a sama. Masu cirewa na gaskiya sukan rufe wurin da leda, su jiƙa kayan, su kwance allo ɗaya-ɗaya ba tare da karyawa ba, su sa takunkumi mai matata ta musamman, domin na tsumma ko na asibiti ba ya tare zaren. Ba sa shara da tsintsiya, da jiƙaƙƙen tsumma suke gogewa. Bayan sun gama a auna iskar ɗakin, sai ta sauka ƙasa da zare 0.01 a kowane mililita kafin a ce jama'a su koma, kamar yadda ake yi a Birtaniya. Tarkacen kuma a ƙulle shi cikin leda biyu, a yi masa alama, a binne a wurin da aka keɓe.

A nan ne muka fi rauni. Tsohon kwanon da aka sauke daga wata makaranta ba ya zuwa rami. Wani ya saya ya yi akurkin kaji, wani ya yi rumfar shago, gutsattsarin kuma a zuba a kwararo don cike kwatami, babura su yi ta niƙa su har rani ya zo, a daidai inda yara ke wasa.