Ko Kun Sani? Akwai Gawayi a Cikin Motarku

Yawancin motoci masu amfani da fetur suna ɗauke da wani baƙin gwangwanin roba cike da gawayi. A ƙarƙashin mota yake, kusa da tanki, ko da yake a tsofaffin motoci akan same shi gefen inji. A Amurka aka wajabta shi tun farkon shekarun 1970. Idan ranar Afrilu ta Kano ta gasa tanki, fetur yakan yi tururi, sai gawayin ya tsotse shi ya riƙe. Da mota ta kama hanya, wani bawul zai buɗe, injin ya ja tururin ya ƙone.

Saboda haka jijjiga mota a gidan mai don a ƙara dura fetur bayan famfo ya tsaya da kansa ɓarna ce. Direba zai ce mai ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, gara ya cika maƙil. Amma tururi aka yi gawayin ya riƙe, ba ruwa ba. Idan fetur ya malala ciki ya jiƙa shi, mota ta fara warin mai, tana wuyar tashi bayan an sha mai, har a kai ga neman wani gwangwanin a Kasuwar Ƙofar Ruwa.