Masauki a bakin Harami: Shin ya cancanci kuɗin da ake kashewa?

A duk shekara, da zarar an fara karɓar kuɗin kujerar Hajji ko kuma watan Ramadan ya ƙarato, akan samu maniyyata da dama a arewacin Nijeriya da ke fuskantar tambaya guda: su ƙara kuɗi su kama masauki a bakin Masallacin Harami, ko kuwa su haƙura da wanda ke nesa su riƙa shiga mota.

Tambayar ta fi nauyi ga manoman karkara, irin na jihar Kano, inda gonaki suke ƙanana kuma manne da juna. A irin wannan yanki kuɗin tafiya ƙasa mai tsarki tarin shekaru ne na gero da dawa da gyaɗa da kiwon sa, wani lokaci ma har da sayar da gona. Gonar da aka sayar kuwa a inda jama'a suka yi yawa, da wuya ta sake dawowa hannun mai ita.

Abin da ya rage na tarihi

Mutane da yawa na zaton cewa idan suka kwana kusa da Ɗakin Ka'aba, za su kwana ne a tsohuwar Makka. To sai dai kuma galibin tsofaffin gidajen da suka kewaye masallacin an rushe su a ayyukan faɗaɗawa da aka yi ta yi tun daga shekarun 1950.

Alal misali, jerin dogayen benayen Abraj al-Bait, inda babban agogon Makka yake, an gina su ne a kan tudun da ganuwar Ajyad take a da. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ce ta gina ganuwar a ƙarshen ƙarni na 18, aka rushe ta a shekarar 2002, abin da ya jawo ƙorafi daga gwamnatin Turkiyya. Benen agogon, mai tsayin mita 601, an kammala shi a shekarar 2012. Haka nan an rushe unguwar Shamiyya da ke arewacin masallacin daga shekarar 2008 domin faɗaɗawar Sarki Abdullah, yayin da manyan otal-otal irin su Hilton da Conrad da Hyatt Regency suka tashi a yankin Jabal Umar.

Kafin wannan zamani, alhazai kan sauka ne a gidajen mutanen gari ko a gidajen waƙafi da ake kira ribaɗi. Littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi ya ba da labarin yadda Askiya Muhammadu na Songhai, wanda ya tashi aikin Hajji a shekarar 1496, ya sayi lambuna a Madina ya yi waƙafinsu ga mutanen Takruru, wato mutanen Afirka ta Yamma. Hausawan da suka bi hanyar ƙasa ta Maiduguri da Fort Lamy da El Fasher zuwa Sawakin, waɗanda tafiyar kan ɗauke su shekaru, su ma sukan sauka ne a wurin 'yan'uwansu da suka riga su zama a can.

Wanda ke son kwana a gini mai tarihi a yau, sai dai ya nufi tsohon garin Jidda, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2014, inda aka gyara wasu tsofaffin gidajen attajirai aka mai da su masaukin baƙi. Amma tsakanin Jidda da Makka akwai tafiyar fiye da kilomita 70. Ke nan abin da mutum ke biya a bakin Harami kuɗin kusanci ne da sauƙin kai-komo, ginin da zai kwana a ciki kuwa sabo ne.

Dalilin tsadar

Filin da ke kewaye da masallacin ɗan kaɗan ne, duwatsu sun zagaye shi, masu nema kuma miliyoyi ne. Saboda haka farashin ɗaki kan sauka ne gwargwadon yadda mutum ya ƙara nisa. Ko a cikin otal ɗaya ma, ɗakin da tagarsa ke kallon Ka'aba ya fi wanda ke kallon gari tsada. Farashin kan kai ƙololuwa a lokacin Hajji da kuma goman ƙarshe na Ramadan.

Ga ɗan Nijeriya akwai ƙarin nauyin canji. Tun shekarar 1986 an ɗaure riyal a kan 3.75 ga kowace dalar Amurka, don haka duk lokacin da naira ta faɗi a gaban dala, ta faɗi ke nan a gaban riyal. Bayan da gwamnati ta saki farashin naira a watan Yunin 2023, kujerar Hajji ta jihohin arewa, wadda ba ta kai naira miliyan 3 ba a 2023, ta haura miliyan 8 da dubu 400 a 2025. Kuɗin guzurin da aka bai wa kowane alhaji a 2024 kuwa dala 500 ne.

Ya kamata a lura cewa wanda ya biya ta hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano ba shi ne ke zaɓar masaukinsa ba. Hukumomin jiha da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar 2006, su ne ke kama gidajen. Zaɓin yana hannun masu bin jirgin yawo ne da masu zuwa Umara, inda kamfanoni ke kasa kujeru aji-aji, kuma babban abin da ke raba aji da aji shi ne masauki.

Me malamai suka ce?

Kusancin masauki ba ya cikin rukunai ko wajiban Hajji da Umara. Abin da ke jan hankalin jama'a shi ne falalar da ta zo a hadisi, cewa salla ɗaya a Masallacin Harami ta fi salla dubu 100 a waninsa.

Malamai sun yi saɓani a kan iyakar wannan falala. Wasu, ciki har da marigayi Sheikh Abdul'aziz bin Baz, sun tafi a kan cewa ta game duk abin da ke cikin iyakar Haramin Makka. Wasu kuma, kamar marigayi Sheikh Muhammad bin Salih al-Usaimin, na ganin ta keɓanta ne ga masallacin da Ka'aba take a cikinsa. A bisa fahimta ta farko, wanda ya yi salla a masallacin unguwarsa a Aziziyya ko Misfala ya samu ninkin ladan. A bisa ta biyu kuwa, sai ya isa masallacin, ko da ƙafa ko da mota.

Haka kuma hadisin da ya yi bayanin falalar Umara a Ramadan ya ambaci watan ne baki ɗayansa. Wanda ya je a goman farko ko na tsakiya ya shiga cikinta, alhali kuɗin masauki bai kai na goman ƙarshe ba.

Ɗakin da ba a kwana a ciki

Wani abin da maniyyaci zai sa a lissafi shi ne jadawalin Hajjin kansa. Ranar 8 ga Zulhajji ake fita Mina, ranar 9 a yi tsayuwar Arfa, a kwana a Muzdalifa, sannan a koma Mina har ranar 12 ko 13. A waɗannan kwanaki biyar zuwa shida, ɗakin da aka biya a Makka a rufe yake, sai kaya. A lokacin jifa ma, mazaunin Aziziyya ya fi na bakin Harami kusa da Jamrat.

Kusanci kuma ba ya raba mutum da cunkoso. A manyan benaye akan daɗe ana jiran na'urar hawa da sauka gab da lokacin salla, kuma jami'an tsaro kan rufe ƙofofin masallacin idan ya cika. Wanda ya makara, ko da daga hawa na 30 na benen agogo ya sauko, a farfajiya zai yi salla.

A ɗaya ɓangaren, nisa ma yana da nasa farashi. Motocin da ke jigila zuwa masallacin kan cika, akan kuma dakatar da su a 'yan kwanakin da ke gab da fita Mina, kuɗin tasi kuwa sai ya ninka. Ga kuma zafi. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, hukumomin Saudiyya kuma suka ce mutane 1,301 ne suka rasu, kashi 83 cikin 100 daga cikinsu ba su da izinin aikin Hajji, sun yi doguwar tafiya a rana ba tare da mafaka ba.

Wa ya kamata ya ƙara kuɗin?

Bisa ga waɗannan bayanai, waɗanda kusanci ya fi amfana su ne tsofaffi, da masu ciwon ƙafa ko suga ko hawan jini, da wanda ke tura mahaifi a keken guragu, da mata masu ƙananan yara. Safa da Marwa kaɗai tafiyar kusan kilomita 3 ce, ban da ɗawafi. Dattijon da ya ƙarar da ƙarfinsa a hanya, ba lalle ne ya iya ibadar da ta kai shi ba. Haka shi ma mai Umarar kwana huɗu ko biyar, wanda sa'o'in da zai ɓata a mota suna da yawa a ɗan lokacin da yake da shi.

Mai lafiya da zai yi makonni a Makka kuwa, yana iya fita sau ɗaya ko biyu a yini, ya haɗa Magariba da Isha'i a zama ɗaya a masallacin, ya kuma yi sallolin tsakar rana a unguwarsa. Akwai kuma masu raba kwanakin Umara gida biyu, su yi dare biyu ko uku a kusa, sauran a nesa.

Ma'aunin da ya fi muhimmanci shi ne inda ƙarin kuɗin zai fito. Idan rara ce ta ciniki ko ta amfanin gona, to zaɓi ne na mai ita. Idan kuwa sai an ci bashi, ko an jinginar da gona, ko an taɓa kuɗin taki da na makarantar yara, to iyali ne za su biya kuɗin ɗakin bayan an dawo. Ga mai son tarawa a hankali, akwai shirin adashin gata da NAHCON ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a Kano a watan Oktoban 2020.

Kafin a biya

Kalmar "kusa da Harami" tana da faɗi a bakin 'yan kasuwa. Yana da kyau maniyyaci ya nemi a rubuta masa sunan otal ɗin a takardar yarjejeniya, da nisansa a mita daga ƙofar masallacin, sannan ya sa a duba masa a taswirar waya, domin mita 700 a kan tudu ta fi kilomita ɗaya a shimfiɗe wahala. Ya tambayi mutum nawa ne a ɗaki, ko akwai abinci da mota, da kuma abin da za a mayar masa idan aka sauya masaukin.

Ya kuma tabbatar kamfanin yana da lasisin NAHCON, gidan kuma yana da izinin hukumomin Saudiyya. A watan Janairun 2006 wani masaukin alhazai ya rufta a unguwar Gazza, 'yan mitoci kaɗan daga Harami, mutane 76 suka rasu.

A Madina kuwa, inda a shekarun baya-bayan nan ake saukar da alhazan Nijeriya a yankin Markaziyya da ke kewaye da Masallacin Annabi (SAW), wanda ya bi ta hannun hukuma kan samu kusancin a cikin kuɗin kujerarsa, ko da yake a shekarar 2023 an rage kwanakin zaman daga 8 zuwa 5.