Wace Kyamara Za Ka Rataya Ka Shiga Gari?

Duk wanda ya taɓa ɗaga ƙatuwar kyamara mai dogon baki a tsakiyar Kantin Kwari ya san abin da ke biyo baya. Hira ta yanke, ɗan dako ya juya ƙeya, wani ya taso ya tambaye ka ko daga hukuma kake. Kafin ka gama bayani, abin da ya tsayar da kai ya wuce. Shi ya sa masu ɗaukar hoton titi suke fara duba girman kyamara da nauyinta tun kafin su tambayi yawan megafiksel ɗinta.

Sana'ar ma da ƙaramar kyamara ta bunƙasa. A 1925 aka fito da Leica a Jamus, wadda Oskar Barnack ya ƙera, ƙarama ce har tana shiga aljihun kwat. Da irinta Henri Cartier-Bresson na Faransa ya zaga duniya, yawanci da lensi guda mai milimita 50, har baƙin tef yakan manna a sassanta masu ƙyalli don kada su ja ido.

A ganina lensi ya fi jikin kyamarar muhimmanci, domin shi ke yanke tazarar da za ta kasance tsakaninka da mutane. Lambar da ke jikinsa, idan ƙarama ce yana kwaso fili mai faɗi, idan babba ce yana jawo na nesa ya matse fili. Mai milimita 28 zai kwaso maka mai shayi da teburinsa da masu zaman benci da Keke Napep ɗin da ke wucewa, amma sai ka matsa kusa har ana jin numfashinka, in ba haka ba kowa ya fito ɗan mitsitsi. Da irinsa Garry Winogrand ya yi suna a titunan New York. Aibinsa shi ne fuskar da ta faɗa gefen hoto takan ɗan miƙe. Mai milimita 50 ya fi kama da yadda ido ke gani, yana fitar da mutum ɗaya tsaf, sai dai a lungunan cikin birni za ka yi ta ja da baya har bango ya tare ka. Mai 35 yana tsakaninsu, kuma shi nake ba sabon shiga shawarar ya fara da shi. Dogon lensi mai milimita 200 kuwa a ajiye shi sai ranar hawan Sallah, inda kusantar dawaki ganganci ne.

Akwai wani lissafi da ke rikita masu saye. Waɗannan lambobi an gina su ne a kan ma'aunin tsohon fim. Yawancin kyamarori masu sauƙin kuɗi ƙaramar sensa gare su, wadda ake kira APS-C, don haka sai ka ninka lambar sau ɗaya da rabi. Lensi mai 23 zai yi aikin 35, mai 35 kuma ya koma kusan 50. Haka Fujifilm X100 take, lensinta 23 ne a manne ba ya cirewa. Ricoh GR III kuma tana ba da faɗin 28, ga ta tana ɓacewa a aljihun kaftani. Duka biyun da tsada. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nemi ta hannu, kamar Sony a6000 da ta fito a 2014, ya ɗora mata ƙaramin lensi guda, ta ishe shi shekaru.

Me ya sa guda, ga zum mai yin komai? Zum ya fi nauyi, kuma mai arharsa ba ya shan haske sosai. Lensi mai buɗewa zuwa f/2 ko f/1.8 zai ɗauki mai tsire a hasken fitilarsa bayan magariba ba tare da filasha ba. Da rana kuwa ka tsuke shi zuwa f/8, ka saita shi a kan tazarar kamar mita 3, duk wanda ya gifta kusa da nan zai fito garau. Ga kuma ƙurar hunturu: duk sa'ad da ka cire lensi a waje ka buɗe mata ƙofa, ta zauna a kan sensa, daga nan kowane hoto ya riƙa fitowa da ɗigo a sararin samaniya.

In ka samu kyamara mai allon da ke lanƙwasowa sama, ka fifita ta. Vivian Maier, mai rainon yara da ta ɗauki dubban hotuna a Chicago, da Rolleiflex take aiki, wadda ake riƙewa daidai ciki ana leƙawa ta sama, mutane ba sa jin an auna su. Wannan dai bai ɗauke maka sallama da neman izini ba, musamman wajen mata da dattawa. Kafin ka kashe ko kwabo, gwada wata guda da wayarka. Babbar kyamarar yawancin wayoyi faɗinta na kusa da milimita 26, nan za ka gane ko kai mai matsawa kusa ne ko mai tsayawa daga nesa.