Tsohuwar fitilar tagulla ba kayan awo a sikeli ba ce

Kafin kalanzir ya shigo, balle wutar lantarki, hasken dare a garuruwa irin su Gadaka ta masarautar Gudi da sauran ƙasar Potiskum daga mai da lagwani yake fitowa. A zuba man gyaɗa ko na kaɗanya a kasko, a murza auduga, shi ke nan. Masu hali kuwa tasu ta ƙarfe ce.

Irin wannan fitila ce a yau ake rububinta a gidajen gwanjo na Christie's da Sotheby's a Landan. Waɗanda suka fi fice su ne na tagulla da maƙeran Kurasan, gabashin Iran da Afganistan na yanzu, suka zuba a ƙarni na 12. Sukan fara sassaƙa siffar da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su gasa kakin ya tsiyaye, sannan su ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Wata da baki ɗaya, wata da uku, wata da ɗan tsuntsu a kan mariƙinta, ga addu'ar albarka ga mai ita da rubutun Kufi a gefe.

Kada a ɗauka wannan labarin nesa ne. A kaburburan Durɓi ta Kusheyi a Katsina, tonon da aka yi a 1992 ya fito da kwanon tagulla irin na Masar. Ayarin da ya kawo kwano ba zai gagara kawo fitila ba, kuma Birnin Ngazargamu, cibiyar Daular Borno har 1808, inda irin waɗannan ayarin kan sauka, a nan jihar Yobe yake.

Abin takaici, tsohon ƙarfe a wurinmu makomarsa sikelin 'yan gwangwan. Wanda ya tsira kuma sai a dirje shi da toka da tsamiya wai don ya yi ƙyalli, alhali wannan koren tsatsar na cikin abin da masana ke dubawa su gane shekarunsa. Dillali kuwa in ya saye, sunan gidan da tarihin kayan sun ɓata ke nan, kuma a ganina wannan asarar ta fi ta kuɗi.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba wakilinta ba, ta kuma hana fitar da su waje sai da izini. Mai irin wannan gado a ɗaka, ya tambayi tsofaffin gidan asalinsa tun suna raye, ya rubuta ya ajiye tare da kayan.