Tabarau da takardar tara: yadda tallafin lafiya ke kuɓuce wa masu ƙaramin albashi a Ingila

A watan Afrilun 1951 wani babban minista a Birtaniya ya ajiye muƙaminsa saboda tabarau da haƙoran roba. Aneurin Bevan, ɗan mai haƙar kwal daga garin Tredegar na yankin Wales, shi ya jagoranci kafa hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, wato NHS, ranar 5 ga Yulin 1948, bisa alƙawarin ba wanda zai ciro ko kwabo a gaban likita. Jama'a kuwa suka yi ca. A shekarar farko kaɗai an rubuta tabarau sama da miliyan biyar, abin da ya tona asirin yawan mutanen da suka daɗe suna laluben rubutu da tabaran gado, ko wanda aka tsinta a kanti ba gwaji.

Sai yaƙin Koriya ya taso, gwamnati ta ɗauki aniyar kashe fam miliyan 4,700 kan makamai cikin shekara uku. Ministan kuɗi Hugh Gaitskell ya ce dole a fara karɓar wani abu daga masu neman tabarau da haƙora. Abin da za a samu a shekarar farko bai wuce fam miliyan 13 ba, amma Bevan ya ce ba da shi ba, ya fice, wani ministan, Harold Wilson, ya mara masa baya. Shekara na zagayowa, sabuwar gwamnati ta ɗora sule ɗaya kan takardar magani.

Wancan sule shi ne ya girma ya zama fam 9.90 kan kowane magani da likita ya rubuta a Ingila. Wales ta soke kuɗin a 2007, Ireland ta Arewa a 2010, Scotland a 2011. Ingila ce kaɗai ta riƙe. Ta fannin ido ma haka aka yi ta zaftarewa: a 1986 aka koma ba wa mabuƙata takardar rangwame maimakon tabaran gwamnati, a 1989 aka janye gwajin ido kyauta daga yawancin manya, sai a 1999 aka mayar wa masu shekara 60 zuwa sama.

Tun da aka fara karɓar kuɗi, tambaya ɗaya ce ke yawo: wa za a yafe wa, kuma ta yaya za a gane shi? Yara da tsofaffi ba su da wuyar ganewa, takardar haihuwa ta isa. Marar aiki ma sunansa na ofis. Wanda ya fi wuya shi ne mai aiki da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata: mai share ofisoshi da asuba, mai jera kaya a kanti, mai kula da tsofaffi.

Saboda irin waɗannan ne Gordon Brown, yana ministan kuɗi, ya ƙaddamar da tallafin haraji iri biyu a Afrilun 2003, ɗaya na masu aiki, ɗaya na masu yara. Ofishin haraji, wanda aka saba ya karɓa, shi ke zuba wa iyali kuɗi a asusu. Tare da wannan akwai wata garaɓasa da ta fi ƙarfin a raina. Iyalin da suka cika sharuɗɗa, kuma kuɗin shigarsu bai haura iyaka ba (fam 15,276 a shekara a ƙarshen tsarin), sai kawai su ga shaidar yafewa ta iso gida, ba tare da sun nemi kowa ba. Da ita magani kyauta, haƙori kyauta, gwajin ido kyauta, ga takardar rangwamen tabarau, ga kuɗin motar zuwa asibiti. Tsarin tallafin harajin yana da nasa tabon, domin an sha biyan mutane fiye da ƙima a dawo ana bin su bashi. Amma ta fuskar lafiya, uwa ta san matsayinta: shaida na hannu, magana ta ƙare.

Ranar 5 ga Afrilun 2025 aka rufe tallafin haraji baki ɗaya, shaidar ma ta bi shi. An kwashe mutane zuwa Universal Credit, tsarin da dokar 2012 ta kafa don haɗe tallafi shida wuri guda. A nan ne tsugune ba ta ƙare ba, don kasancewa cikin sabon tsarin bai isa a yafe wa mutum kuɗin magani ba. Sai abin da ya shigo hannunsa daga aiki a watan lissafin da ya gabata bai wuce fam 435 ba, ko fam 935 idan yana da yara ko lalurar da ta rage masa ƙarfin aiki.

A yi lissafi a gani. Fam 935 sau goma sha biyu ya kama 11,220, ya gaza tsohuwar iyakar da sama da fam dubu huɗu. Mafi ƙarancin lada ga babba ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Ke nan uwa mai yara da ta yi aikin awa goma sha takwas a mako ta taɓa iyaka, gwauro kuwa bai wuce awa takwas da 'yan mintoci ba. Lada na hawa kowace shekara, iyakar na nan inda aka ajiye ta shekaru da dama, sai ya zama kowane ƙarin albashi yana tunkuɗa wasu waje, alhali farashin kaya ya riga ya cinye ƙarin.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne lissafin wata-wata. A ce wata mata ce mai 'ya'ya biyu, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ana biyanta duk mako huɗu. Sau ɗaya a shekara albashi biyu za su faɗo cikin wata guda, ko ta karɓi aikin dare na wata abokiyar aiki da ba ta da lafiya. Ta je kantin magani, aka miƙo mata koriyar takardar likita a juye, ga jerin ƙananan akwatuna, ga layi a bayanta. Ta sa alama inda ta sa a watan jiya, ta sa hannu. Bayan makonni wasiƙa ta iso: ta biya kuɗin maganin, da tara ninki biyar da ka iya kai fam 100, in kuma ta yi jinkirin kwana 28 a ƙara har fam 50.

Ba a ce babu masu cuta ba. Sai dai binciken da ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya fitar a 2019 ya nuna cewa cikin takardun tara miliyan 5.6 da aka aika tun 2014, kusan miliyan 1.7 an janye su, saboda an tabbatar mutanen sun cancanci yafewa. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Har zuwa 2020 ma babu akwatin Universal Credit a bayan takardar. An riƙa cewa mutane su sa alama a gurbin wani tallafin dabam. Hukumar da ta bar takardarta a haka ba ta da bakin tuhumar wanda ya ruɗe. Kuma wanda aka taɓa razanawa da wasiƙa, gobe zai gwammace ya biya abin da ba a binsa, ko ya bar maganin a kanti.

Tabarau ne aka fi saurin haƙura da shi, don ido ba ya ihu irin na haƙori. Takardar rangwamen tana farawa daga fam arba'in da 'yan kai ga mai buƙatar gilashi mai sauƙi, ta haura fam 200 ga mai matsala babba. Wasu shaguna na ware 'yan firam da takardar ke biya gaba ɗaya. Wanda ya zaɓi na sama da haka ya cika daga aljihu. Tsoho mai shekara 60 kuma ana gwada shi kyauta, amma shekaru kaɗai ba sa ba shi takardar, sai in yana karɓar tallafi irin na cike fansho. Ana iya gaya masa abin da idonsa ke buƙata, ya fito hannu rabbana.

Akwai wata ƙofa da ta rage, wato shirin masu ƙaramin ƙarfi na NHS. Wanda ajiyarsa ba ta wuce fam 16,000 ba yana iya cike fom mai suna HC1, a auna abin da yake samu da abin da rayuwa ke ci. In ya dace a ba shi shaidar HC2, cikakkiyar yafewa, ko HC3, rangwame. Mai shan magani da yawa kuma yana iya biyan fam 114.50 ya huta shekara guda. Matsalar ita ce sai mutum ya sani ya nema. Babu mai aiko masa.

Wannan ƙofar ta shafi dubban 'yan Nijeriya da suka tafi karatu ko aikin jinya a 'yan shekarun nan. Bizarsu ta haramta masu Universal Credit, kuma sun riga sun biya harajin lafiya na baƙi, fam 1,035 a shekara ga ma'aikaci, 776 ga ɗalibi, wanda bai ɗauke masu kuɗin magani ko tabarau ba. Amma taimakon NHS ba ya cikin tallafin da aka hana su, don haka ɗalibi na da damar cike HC1, 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara 16 kuma suna da gwaji kyauta da takardar rangwame kamar kowane yaro.

Su ne ma ya fi kamata su kula, domin hawan jinin ido ya fi kama 'yan asalin Afirka, yana zuwa masu da wuri, kuma yana cin gani ta gefe ba zafi, abin da ya ci ba ya dawowa. Ƙa'idar Ingila ta yafe kuɗin gwaji ga mai ciwon suga, da wanda ya kai 40 idan uwa, uba, ɗan'uwa ko ɗansa na da hawan jinin ido, amma ba ta sa asalin mutum cikin lissafi ba. Scotland ta kauce wa duk wannan tantancewar tun 2006, ta mayar da gwajin ido kyauta ga kowa.